Garanton Ɗan Fari

Ni ne ɗan fari a gidanmu, kuma duk wanda ya tashi a gidan Fulanin Gombe ya san abin da hakan ke nufi. Tun da aka haife ni Baba bai taɓa kiran sunana ba. "Kai" nake, ko "yaron nan". Ranar da sakamakon digirina ya fito, ƙannena suna ta ihu a tsakar gida, shi kuwa ya ƙara wa rediyonsa murya. Ba ƙiyayya ba ce, kunya ce, haka nasa iyayen suka yi masa. Duk wata hidimata, daga makaranta har asibiti, ƙaninsa Bappa Safiyanu ne ke tsayawa.

Na gama bautar ƙasa, na dawo Tudun Wada na zauna. Zama fa ba na wasa ba! Babu ofishin da takalmina bai sani ba a garin nan. Har mai shayin bakin layinmu ya daina tambayata ya ake ciki, sai dai ya ƙara mini madara don tausayi.

Sai ga wani kamfanin ruwan leda a unguwar Arawa yana neman mai gwada tsaftar ruwa, ainihin abin da na karanta. Aka yi jarrabawa, aka tace, saura mu biyu: ni da wata Rahinatu. Manajan, Mista Desmond, bai daɗe da zuwa daga Fatakwal ba, ko "sannu" bai iya ba. Ya ce kowa ya kawo garanto, wato wanda zai tsaya masa. Wanda ya riƙe aikin kafin mu ya kwashe kayan gwaji ya gudu, ashe kuma uban da ya kawo a tasha ya yi hayarsa.

"Ba na son kawu, ba na son maƙwabci," ya ce da Turanci. "Wanda ya haife ka nake son in kalli idonsa."

Inna ba ta cikin lissafi, tata kunyar ta fi ta Baba. Na so in yi wa manajan bayani, amma ta ina zan fara? In ce wa mutumin da aka cuta da uban haya nawa uban ba ya kiran sunana? Na garzaya wurin Bappa. Shi ya yi ta lallashin wansa har ya yarda, bisa sharaɗin sa hannu kawai zai yi ya fito.

Ranar, Baba ya sa farar babbar rigarsa ta Juma'a, ya tari Keke Napep ya hau shi kaɗai. Ni na biyo a wani. Da muka sauka na hango Mista Desmond a taga yana kallonmu, kowa da kekensa.

Rahinatu da mahaifiyarta aka fara kira. Ta ƙofa muke jiyo muryar matar tana zuba yabo kamar a gidan suna: 'yarta ba ta taɓa ɗaukar ko allura ba, ga haƙuri, ga ƙwaƙwalwa. Suka fito suna murmushi, suka zauna jiran hukunci. Baba kuwa carbinsa kawai yake ja.

Muka shiga. Baba ya yi shekara da shekaru yana aikin gwamnati, Turanci ba ya ba shi tsoro.

"Wannan ɗanka ne?" in ji Mista Desmond.

Baba ya kalli bango. "Yaron gidan ne."

"Na ce ɗanka ne?"

"A gidan yake."

Manajan ya ajiye bironsa. Fanka tana juyawa, amma gumi ya riga ya jiƙe mini baya.

"Mene ne sunansa?"

Baba ya ci gaba da kallon bango. Ƙarar injin da ke yanka ledar ruwa kawai ake ji daga waje. Na buɗe baki zan amsa, manajan ya ɗaga mini hannu.

"Ba kai na tambaya ba. To, Baba, yana da amana?"

"Allah ne ya san na kirki," Baba ya ce a hankali. "Yaran yanzu sai addu'a."

Innalillahi! A gidanmu wannan maganar ita ce ƙarshen yabo, amma a kunnen Mista Desmond ai ta kashe ni ce. Ya jingina da kujera, ya yi wata 'yar dariya da har yau ba na son tunawa.

"Kun zo daban-daban. Ba ka kalle shi ko sau ɗaya ba. Sunansa ma bai koya maka da kyau ba." Ya sunkuyo. "Tsoho, faɗa mini gaskiya ba zan kira 'yan sanda ba. A wace tasha ya ɗauko ka?"

Wallahi ban san lokacin da na miƙe ba. Ubana, wanda unguwa guda ke cire takalmi kafin a shiga zaurensa, shi ne ɗan hayar tasha? Idona ya rufe. Ina son aikin nan kamar raina, na gaji da zama, na gaji da roƙon kuɗin kati a wurin ƙannena. Amma ba da wannan farashin ba.

"Oga, riƙe aikinka," na ce. Na juya na ce da Hausa, "Baba, mu tafi. Allah ya kawo wani."

Na kama hannun ƙofa.

"Abdulhamid."

Na daskare. Muryar na sani, sunan na sani, amma ban taɓa jin su tare ba.

"Zauna."

Na zauna. Baba ya sa carbinsa a aljihu, ya kalli manajan ido cikin ido.

"Ni na haife shi," ya ce. "Shi ne na farko. A wurinmu ba a yabon na farko, ba a kiran sunansa, kuma yau ka sa na yi abin da ubana bai yi ba har ya koma ga Allah. Tunda ka tambaya, saurara. Lokacin da amai da gudawa ya shigo layinmu, yaron nan ne ya bi gida-gida yana zuba magani a rijiyoyi, ba wanda ya sa shi. Ina zaure ina kallonsa. Kullum ya fita neman aiki ina jin fitarsa, ya dawo ba labari ina gane takunsa. Ban taɓa ce masa sannu ba. Idan ya ɗauki ko murfin kwalba a nan, kada ka neme shi. Ka zo Tudun Wada ka tambayi gidan Wakili, ni za ka kama."

Mista Desmond ya miƙe tsaye. Ya cire gilashinsa, ya fara ba da haƙuri, kalmomin suna sarƙe masa. Baba bai tsaya ji ba. Ya sa hannu inda aka nuna masa, ya gyara rigarsa, ya fita.

"Ka zo ranar Litinin," manajan ya ce mini, murya ƙasa-ƙasa.

Ya kamata in yi tsalle. Ban yi ba, daɗi da tausayi ne suka haɗe mini. Na wuce su Rahinatu da sauri, na fita neman Baba.

A bayan ɗakin janareta na hango shi. Ya juya wa mutane baya, ya dafa bango da hannu ɗaya, ɗayan kuma yana share fuska da gefen babbar riga. Kafaɗunsa suna motsi.

Na yi taku biyu zuwa wurinsa, sai na tsaya. Na juya na koma bakin get, na zuba wa motar da ake lodawa ido kamar ban taɓa ganin buhun ruwa ba. Ina nan tsaye, ban waiwaya ba, har sai da na ji ya yi gyaran murya a bayana.