Kwalbar da Ake Saita Inji da Ita

A unguwarsu Likitar Ruwa suke ce mata, ko da yake ko allura ba ta iya yi ba. Aikinta kiwon ƙwayoyin bakteriya ne a ɗakin gwajin ruwa, kuma sa hannunta ne ke cewa a sha ruwan rijiyoyin unguwar ko a bari. Ɗanta ɗan wata tara ma shi yake sha.

Tana alfahari da ƙwayoyin nan nata. A cikin kowace akwai wani furotin mai taurin kai, wanda ya san gurbi ɗaya tak a kan zaren DNA, ya zauna a kai ya danne. Sai gubar dalma da ke cikin ruwa ta taɓa shi yake murɗa zaren, abin da ke rufe ya buɗe, ƙwayar ta yi haske kore. Inji ne ke auna hasken, bayan an saita shi da ruwa mai tsabta an ce masa wannan ne sifili; duk ruwan da bai fi wannan haske ba, lafiyayye ne a wurinsa. Tun da matatar ruwan ɗakin ta lalace, daga gida take cika kwalbar saitin. Wa zai zargi ruwan gidansu? Wata shida inji na cewa lafiya lau.

Ranar Talata da hantsi injin ya ƙi tashi. Tsohon da ke kula da na'urorin ya ce, "Ranki ya daɗe, mu duba da ido mana, yadda aka koya mana."

Suka shiga ƙaramin ɗakin da ba taga, ya ja ƙofa, ya kunna shuɗiyar fitila. Kwalaben gwaji arba'in a jere, ruwan rijiyoyi da ƙwayoyin a ciki, duk suna ci da wani kore mai sanyi, kamar idanun kyanwa a ƙarƙashin gado. Ba motsi sai ƙugin firiji. Tsoro ya kama ta har tafin ƙafa.

"Wannan ta ƙarshen ta fi haske," in ji tsohon a hankali. "Ta wace rijiya ce?"

Ta juyo da kwalbar. Rubutun hannunta ne a jiki: sifili.

Ta lalubo waya, ta kira yayarta mai rainon yaron a can gidansu.

"Yaya, ina yake?"

"Ga shi nan, sarkin ƙishi," yayar ta ce tana dariya. "Bari ya shanye kofin ruwan nan in ba ki shi."