Rigar Da Mama Ta Ɗinka Mini

Tun da na haye arba'in jikina ya daina shawara da ni. Ba ciwo ba ne, ƙugu ne kawai ya buɗe, damtse ya cika, zif ɗin da a da yake hawa salin-alin ya koma sai na riƙe numfashi. Na ɗora wa ruwan wanki laifi, na ɗora wa yadin zamani, har madubin ɗakina bai tsira ba. Da na gaji, sai na sayi dogayen riguna baƙaƙe guda uku masu faɗin buhu, na shige ciki na ɓuya. Shekara biyu a haka nake zuwa makarantar da nake koyarwa, har ɗalibai suka laƙaba mini Malama Labule. Suna zaton ban sani ba.

Auta ce, 'yata ta ƙarshe, ta tono maganar. Saura sati biyu a yaye su daga sakandare, tana binciken akwatina ta zaro wata riga shuɗiya mai ƙananan furanni.

"Umma, wannan za ki sa ranar taronmu. Wallahi in kika zo da labulen nan, cewa zan yi ban san ki ba."

Na karɓe rigar da sauri. Ita ce ta ƙarshe da mahaifiyata ta ɗinka mini.

Mama tela ce, kuma tana da hali guda da muka sha faɗa a kansa. Duk rigar da ta ɗinka sai ta bar rarar yadi a gefe ta ciki, faɗin yatsa huɗu. Ni kuwa lokacin ina ji da ƙuruciya, gani nake rarar nan ƙiba take ƙara mini, don haka ina komawa gida nake sa almakashi in datse. Da za ta yanka shuɗiyar nan, shekara goma sha biyu ke nan, sai na tsaya a kanta na ce, "Mama, don Allah wannan karon daidai jikina, ban da rara." Ta dube ni ta saman tabarau ta ce, "To." Sau biyu na sa rigar. Wata huɗu bayan nan Allah ya karɓi abarsa, na ninke rigar ban ƙara taɓawa ba.

Na rufe ƙofa na gwada, ta tsaya a ƙirji ta ƙi sauka. Na zauna a bakin gado ina jin haushin kaina, don ni da bakina na hana a bar mini wuri.

Washegari na kai ta wurin mai ɗinkin da ke ƙarshen layinmu, wata dattijuwa mai tef a wuya, kekenta a gindin taga, guntayen yadi ko'ina a ƙasa. Na ce ba sai ta auna ni ba, ta dai duba rigar.

"Malama, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ɗaga hannu."

Na ɗaga. Ta zagaya da tef, ta auna rigar, ba ta faɗi lamba ba, Allah ya saka mata.

"Yatsa uku take nema a kowane gefe. In babu rara, sai an tsaga an yi ƙari da wani yadi, kuma irin wannan shuɗin an daina shi."

"Babu rara, Anti. Almakashi kuwa ban yarda ya taɓa ta ba. Ba ni abata in tafi."

Ba ta ba ni ba. Ta juya rigar, tana murza shafin ciki tsakanin yatsunta, tun daga hammata har ƙugu.

"Wa ya ɗinka wannan?"

"Mahaifiyata."

Ta ɗauki reza. Na riƙe gefen tebur. Zaren shafin kawai ta tsinke, ɗaya bayan ɗaya, ta ɗaga shi ta ce in matso. Ga yadi nan shuɗi kwance a ƙarƙashi, launinsa ko kaɗan bai koɗe ba, an goge shi lumui, an kama shi da siririn zare yadda jiki ba zai taɓa jin tudunsa ba.

Kuka ya zo mini ban shirya ba. Kewar Mama ta kama ni kamar jiya aka yi rasuwar, ga kuma dariya tana neman ƙwacewa, don Mama ta ce mini "to" alhali ta gama yanke abin da za ta yi. Mai ɗinkin ta tura mini kujera, ta koma kan kekenta ta ƙyale ni.

Bayan kwana biyu muka koma da Auta. Rigar ta sauka a jikina ba gardama. Na tsaya gaban dogon madubin shagon, na ga mace mai ƙugu da damtse, kuma ban kau da kai ba. Nan take na ce a ɗinka mini wasu biyu masu haske, a kan awon yau.

"Yatsa uku na buɗa," in ji mai ɗinkin tana gyara mini kafaɗa. "Biyar mahaifiyarki ta bari. Sauran biyun na mayar inda na same su, za ki zo nemansu."

Sai Auta ta ajiye nata yadin na ranar taro a kan tebur.

"Anti, ni dai daidai jikina nake so. Kar a bar mini komai a ciki."

Mai ɗinkin ta ɗago ta dube ni. Ta ciro tef daga wuyanta ta ce, "To."