Mai Tauraro Biyu

"Wannan ma gajere ne. Waje!"

Lavell ya danna rimot, sunan yaron ya ɓace daga talabijin. Tun safe yake zaune a bakin kujera yana buga wasan bidiyo, ƙafarsa mai tsohon ciwon gwiwa a miƙe. A cikin wasan shi ne kocin ƙwallon zari-ruga irin na Amurka a wata jami'a, kuma ana makon zaɓen sabbin 'yan wasa, kowanne da taurarin darajarsa, biyar ne ƙololuwa. Wasan yana ba kowane koci awoyi kaɗan na binciken yara. Wanda ka kashe wa awoyi, sai a buɗe maka gudunsa da ƙarfinsa. In an dace, koren lu'ulu'u ya fito kusa da sunansa. In ba a dace ba, ja fasasshe.

Wayarsa ta yi ƙara. Cedric ne, abokin aikinsa a garejin taya, wanda shi ma yake da tasa jami'ar a wasan.

"Koci, mutuwa ka yi ne? Kowa ya gama, kai kaɗai muke jira. Mai jifan ƙwallon nan mai tauraro biyar da kake lallaɓawa, ka sake ka yi barci na ɗauke shi."

"Bakinka ya sari ɗanyen kashi," in ji Lavell, ya kashe wayar.

Ƙaninsa Dontrell yana tsaye a ƙofar kicin da kwanon kunun masara a hannu. Jakarsa tana bakin ƙofa, da takalman ƙwallo da hular kwano a ciki. Bana zai gama sakandare, kuma har yanzu babu jami'ar da ta neme shi. Yau da rana wata ƙaramar jami'a a can kudancin Alabama take gwajin yara, a auna su, a sa su gudu. Shi ne gwaji na ƙarshe da ya rage masa, Lavell ne kuma zai kai shi a mota.

"Yaya, nawa ne tsawonsa?"

"Wa?"

"Wanda ka kora yanzu."

"Ƙafa biyar da inci takwas. Tauraro biyu."

"Gudunsa fa?"

"Ina na sani? A kan wannan ɗan tsurut zan ɓata awoyina?"

Sai da maganar ta fita Lavell ya ji ta. Ƙafa biyar da inci takwas, ai tsawon Dontrell ke nan. Taurari biyu kuma masu auna yara suka ba shi a intanet.

Dontrell ya ajiye kwanon a hankali. Ya ture jakar da ƙafa, ta shige ƙarƙashin tebur, ya zo ya kwanta a doguwar kujera yana kallon silin.

"Ba inda za ni."

"Haba, wasa ne fa."

"Su ma masu gwajin haka suke yi. Su kalle ka daga sama zuwa ƙasa, su ce na gaba. Me zai sa in ƙona maka mai?"

Mama ta leƙo daga kicin, hannunta duk garin suyar kaza. "Lavell, me ka faɗa wa ɗana?"

"Ban ce komai ba, Mama."

"To ka gyara abin da ba ka ce ba, kafin in jefa akwatin wasan nan a shara."

Lavell ya tashi, ya je taga, ya dawo. Ya duba agogo. Shi ma ya taɓa tsayawa a layin gwaji irin wannan kafin gwiwarsa ta lalace, ya san yadda idon koci yake wuce mutum. Ya zauna, ya ɗauki rimot, ya yi ta laluben sunaye har ya gano yaron da ya kora. Ya mayar da shi. Sai ya kwashe awoyin da ya tara wa mai tauraro biyar, ya juye su kaf a kan mai tauraro biyu.

Dontrell bai juyo ba, amma idonsa ya sauko daga silin.

Lambobin suka fara buɗewa ɗaya bayan ɗaya. Lavell a ransa yana roƙon kore.

Ja ne ya fito, fasasshe.

Lavell ya ji kamar ya nutse cikin kujerar.

Sai ga dariya ta ƙwace wa Dontrell. "Duk awoyinka ka zuba masa?"

"Duk."

"Mai jifan fa?"

"Cedric zai ɗauke shi."

"Gaskiya, Yaya, ba ka iya koci ba." Ya tashi zaune, ya matso kusa da talabijin, ya ƙura wa lambobin ido. Ya daɗe yana kallo. "Ai wannan ba gajarta ce ta kashe shi ba. Dubi gudunsa. Kunkuru ne! Ko da takalmin coci na bar shi a baya."

"Ni ban sani ba," in ji Lavell. "Ban ga an auna ka ba."

Dontrell ya harare shi. Sannan ya durƙusa, ya jawo jakar daga ƙarƙashin tebur, ya saɓa ta a kafaɗa.

"Ina makullin motar?"

Mama ta biyo su har baranda da kaza a leda da shayi mai ƙanƙara, tana faɗin kada Dontrell ya ci sai ya gama gudu. Motar ta tashi da ƙyar, ta hau titi.

A falo, wayar Lavell tana ta ƙara a kan kujera, Cedric ne. Talabijin na nan a kunne, da jan lu'ulu'u kusa da sunan gajeren yaron. Lavell bai sake cire shi ba.