Birkin Suruki

A wurin ɗaukar fim ba wanda ke kiransa da sunan yanka, Soso kawai ake ce masa. Dalili kuwa, duk wanda ya zauna kusa da shi sai ya tsotse masa wani abu. Ya ɗauke tafiyar mai aski, ya ɗauke tarin maigadin layinsu, har yadda telansa ke cije zare yana magana bai bari ba. Sauran 'yan wasa kan haddace magana su zo su zazzage, shi kuwa ba ya yarda ya iya rawar da aka ba shi sai ya samo mata ƙafa da kafaɗa a jikin wani mai rai. Da haka ya tashi daga mai riƙe wa jarumi lema ya zama wanda ake rubuta wasa dominsa.

Da darakta ya ba shi rawar wani tsoho mai gidan haya, mai taurin kai, sai Soso ya rasa wanda zai sata. Ya zaga kasuwa, ya zauna a tashar mota, bai samu ba. Ƙarshe dai idonsa ya faɗa inda bai kamata ba, wato kan surukinsa.

Baba tsohon malamin koyar da tuƙi ne. Ya bar aikin tuntuni, amma ƙafarsa ba ta bari ba. Duk sanda aka faɗi maganar da ba ta yi masa ba, sai ka ga ya miƙe ƙafa ya danna ƙasa da ƙarfi, yana taka birkin da babu shi. Ranar da ya ji sana'ar mai neman 'yarsa, an ce saura kaɗan ya fasa siminti. Sai da aka yi shekaru kafin ya fara amsa gaisuwar Soso da fuska a sake, kuma Soso na ji da wannan sakin fuska fiye da duk wani kambun da ya taɓa karɓa.

Amma hali ya fi ƙarfin mai shi. Ya sa birkin a wasan, ma'aikata suka yi ta dariya har mai kyamara ya ɓata ɗauka.

Ranar da za a nuna shirin a talabijin da yamma, sai ga Baba da jakarsa, ya zo ganin likitan ido zai kwana biyu.

Soso ya bi matarsa kicin. "Ki taimake ni, ki ce talabijin ta lalace."

"Ni na aike ka?" in ji ta, tana yanka albasa ko ɗago kai ba ta yi ba. "Na ce maka ka bar min ubana, ka ce ai fasaha ce. To ga fasaha can a falo tana jiranka."

Ya koma ya durƙusa gefen kujera. "Baba, ko a sa muku labarai? An ce kallon fim na ƙara wa ido ciwo."

"Labarai na ji su a rediyo," in ji Baba. "Yau dai ina son in ga abin nan da kake ciyar da 'yata da shi. Kunna."

Ya kunna. Ya zauna a ƙasa kan kafet, gumi na bin bayansa ga fanka na juyawa. Tsoro ne sosai ya kama shi, irin wanda bai taɓa ji a gaban kyamara ba. Matar ta zo ta jingina da ƙofa, wai ita ba ruwanta, alhali ko ƙiftawa ba ta yi.

Mai gidan haya ya fito a allo da tabarau a goshi. Wani ɗan haya ya ce zai buɗe wurin kiwon kaji a tsakar gida, tsoho ya miƙe ƙafa ya danna ƙasa. Ta bango aka jiyo maƙwabta sun fashe da dariya. Matar ta toshe baki da gefen mayafi ta gudu kicin. Baba kuwa sai ya matso da kujera gaba. Sau nawa aka taka birkin nan, Soso bai ƙirga ba, shi dai ya san kowane ɗaya a ƙirjinsa ya sauka.

Da aka gama, Baba ya cire tabarau ya goge da bakin riga, a hankali, kamar mai jiran a tara masa jama'a.

"Duk cikin mutanen nan," ya ce, "tsohon nan kaɗai ke da hankali. Kaji a tsakar gidan haya? Ai gaskiyarsa ce."

"Haka ne, Baba," in ji Soso. Ya saki numfashi. A zatonsa Baba bai gane ba.

"Sai dai abu ɗaya. Kai ka iya mota kuwa?"

"A'a, Baba."

"Na ga alama. Da ƙafar hagu ka yi ta takawa. Wannan kuloci ne, ɗana. Da a hanya ne, da ka kashe 'yan haya gaba ɗaya."

Nan Soso ya gane inda ya yi kuskure. Kullum gaba da gaba yake zama da surukinsa, kansa a sunkuye don kunya, ba abin da yake gani sai ƙafa, sai ya kwafe ta kamar a madubi, dama ta koma hagu. Ya buɗe baki zai ba da haƙuri, Baba ya riga shi.

"'Ya'yan da na haifa ma ba su san ina yin haka ba sai sun ji ƙara," in ji Baba, yana murmushi. "Kai ashe duk shekarun nan kallona kake. Taso ka zauna nan kusa da ni, ta wannan gefen. In za ka sace ni, ka sace ni daidai."

Soso ya tashi ya zauna kusa da surukinsa, karo na farko a kan kujera ɗaya, ya miƙe ƙafar dama.