Ruwan da Ya Gudu Gonar Zaglul

A duk Kafar Mandur babu wanda ya kai Mitwalli sanin shinkafa, shi ma bai taɓa ɓoye wa kowa hakan ba. Ko kwana ɗaya bai yi a makaranta ba, amma yakan tsoma yatsa a magudana ya lasa, ya faɗi yawan gishirin ruwan tun ɗan gwamnati bai gama fito da kwalabensa ba. Ya ga shekarar tsutsa, ya ga shekarar da gishiri ya taso ƙasa ta yi fari fat, tsargiya ta kwashe mutum bakwai cikin tsararsa ta bar shi tsaye. Gonakin da ke kewaye da shi duk sun zama gidajen jan bulo. Saura rabin kadadarsa, sai ta maƙwabcinsa Zaglul da ke gangare, wanda ya gaji da jiran ruwa ya koma masara.

Ɗansa Sabri ma gida yake so ya gina a wurin. Sun daɗe suna ja-in-ja, har suka tsaya a kan cewa in shinkafar bana ta gaza, a haƙa tushe. Mitwalli ya amince a gaban jama'a yana murza gashin baki.

Ruwa kuwa bi da bi ake sakinsa, kwana huɗu a buɗe, shida a rufe. Ranar rufewa Mitwalli ya cika fangalinsa taf. Washegari da hantsi ya zo ya tarar da laka tana ƙyalli, ga shinkafa ta ɗauki ciki. Kwana shida babu ruwa a irin wannan lokaci, ƙaiƙayi kawai za a girbe. Ya leƙa gangare, sai ga masarar Zaglul tsaye cikin ruwa har idon sawu. Ya tattare jallabiyarsa ya saɓi fartanya. Bai yi taku goma ba ya hango Zaglul tafe da tasa fartanyar.

"Satar ruwa da furfura, Abu Fatahi? Ko kunyar rawaninka ba ka ji ba?" in ji Mitwalli, yana kiran Zaglul da alkunyarsa.

"Masara na shuka, tsohon banza, ba kifi ba. Ka nutsar min da gona, ka kuma zo kana min wa'azi."

Nan fa suka shiga tone-tone. Aka tono wanda ya gudu ranar da ɓauna ta ɓalle a kasuwa, da wanda ya cinye agwagwa guda shi kaɗai a bikin wani. Mata suka leƙo ta tagogin benaye da kofunan shayi a hannu. Mitwalli ya hau kunyar da ta raba gonakin, ya rantse cewa da hannunsa ya ɗaure ta, ko ɗigo ba ya ratsa ta. Ya doka ƙafa don kowa ya gani. Ƙafar ta burma har gwiwa.

Da ya zaro ta, wani jan abu mai hannun ƙaguwa na maƙale da babban yatsansa. Kyankyason ruwa ne, ɗan'uwan jatan lande, wanda bai shigo magudanan garin ba sai bayan gemun Mitwalli ya yi fari. Shi ya cinye ƙananan kifaye, kwaɗi ma suka yi shiru. Suka sara kunyar da fartanya, ashe cikinta ya zama rariya, ramukan kyankyason ko'ina.

Zaglul ya yi dariya har ya zauna daɓas cikin laka. Mitwalli kam bai yi ba, idonsa na kan shinkafar. Zaglul ya lura, ya share hawaye da bakin rawani.

"Ai ruwan naka bai tafi teku ba, Abu Sabri. Yana gonata, ni kuma ba na son sa. Zo ka kwashi kayanka."

Suka jawo ɓaunar noman Mitwalli ta yi ta zarya a kan kunyar tana rusa ramukan, su kuma suna cusa yumɓu da tattakar bara suna kirɓawa da dunduniya. Ummu Sabri, matar Mitwalli, ta koro agwaginta, suka far wa duk kyankyason da ya fito. Zaglul ya turo injinsa na ban ruwa, ya yi tari sau uku ya tashi. Ruwa ya juyo yana hawa tudu. Zuwa la'asar ya kai yatsa huɗu a fangalin, bai kai na jiya ba, amma zai riƙe ta har a buɗe.

A lokacin Sabri ya iso, magini na biye da shi riƙe da igiyar awo.

"Baba, an ce gonar ta bushe."

"In ji wa? Ajiyar ruwa na ba Abu Fatahi, yau na karɓa. Dabara ce da ba a koyar da ita a makarantarku."

"Tambayi babban yatsansa," in ji Zaglul.

Sabri ya dubi ruwan, ya dubi tsofaffin biyu da laka har wuya. Ya ce wa magini ya tafi gida, sai ya neme shi. Sannan ya tuɓe takalmi ya hau kunyar, uban yana ta nuna masa cewa ba haka ake kirɓawa ba.