Rabin Harafi a Jikin Duro

Da hantsi labarin ya shigo gidan, a bakin surukar Malama, tare da kwandon cefane.

"Mama, ashe Mai Ɗinki ce!"

Malama na zaune a bakin gado tana share wa jikanyarta Takwara yawun da ke dalala ta gefen baki. Kwana tara ke nan yarinyar ba ta riƙe abinci. Malama ba ta ɗago ba.

"Mai Ɗinki ce me?"

Surukar ta rage murya. "Mayya. Duk layin nan an gama magana. Gida bakwai yara na kwance, amai da jiri, an je asibiti an ce zazzaɓi ne, an sha magani ba sauƙi. Nata yaran uku kuwa ko mura ba su yi ba. Kuma tun da ta tare a layin nan aka fara. An ce ma ta shafa kan Takwara ranar da ta auna mata riga."

"To da me za ta auna wuyan rigar? Da sanda?"

"Ke dai Mama komai sai kin ja. Maza sun ba ta zuwa gobe da la'asar. In ba ta kwashe kayanta ba, su za su kwashe mata."

Shekara talatin da biyu Malama ta yi tana koyarwa kafin ta ajiye alli, kuma a duk shekarun nan babu abin da ke tayar mata da jijiyar wuya kamar "an ce". Rabin magidantan layin sun zauna a ajinta, har yau a bayan idonta Malama Wa-Ya-Ce suke kiran ta. Ta gyara wa yarinyar filo, ta ɗauki mayafi da tabarau.

"Ina zuwa."

* * *

Ƙofar Mai Ɗinki a rufe take da rana tsaka. Sai da Malama ta faɗi ko ita wace ce sau biyu aka zare sakata. Keken ɗinkin na lulluɓe da tsohon zani, igiyar da aka saba rataye kayan mutane babu ko ƙyalle, duk masu ɗinki sun zo sun karɓe yadinsu. A tsakar ɗakin ga buhu biyu an fara cusa tufafi. Yara uku sun lafe a bayan uwarsu.

"Jiya har dutse aka jefo kan kwano," in ji Mai Ɗinki. "Babansu na kan hanya da babbar mota, sai ƙarshen wata. Ina zan kai su, Malama?"

"Ba ni ruwa tukuna. Na sha rana."

Matar ta tsaya tana kallon ta. Sati biyu babu wanda ya karɓi ko gaisuwarta, balle ruwan hannunta. Ta ɗebo daga wani tsohon bokiti mai murfi. Malama ta shanye tas, ta miƙa kofin.

"A bokiti kike tara ruwa? Da yara uku?"

"Shi gare ni. Ɗanki ya yi mini tayin duro lokacin da na tare, ban samu hali ba."

Malama ta sake duban bokitin. Ɗanta shi ke kula da sito a wani kamfani mai shigo da kaya iri-iri, abin da ya sa layin ke kiran sa Mai Sito. Wata huɗu da suka wuce ya fara kawo manyan duro na roba, shuɗaye, masu murfi, ya ce na ruwan sukari ne da aka juye. Famfon layin sai ya ga dama yake kawo ruwa, saboda haka mata suka yi rububi. Malama ce kaɗai a gidansu ba ta sha daga ciki, don ta saba da tulunta na ɗaki.

Ta bi gidajen bakwai ɗaya bayan ɗaya da sunan dubiya. A kowane gida idonta na kan kusurwar tsakar gida, kuma a kowane gida shuɗin duron na nan. Ta ce wa matan su dakata da shan ruwan cikinsa. Biyu suka ce to. Wata maƙwabciya da ake kira Matar Direba ta yi dariya.

"Malama, boko dai ya yi miki yawa. Roba ce ke cin kurwa?"

* * *

A gida ta sa surukarta ta koma ɗiban ruwa daga tulu, sannan ta durƙusa gaban nasu duron. A gefe guda akwai wani fili mai kaushi, faɗin tafin hannu biyu, inda aka kankare wani abu da wuƙa. A ƙasansa ga layi biyu na rubutun Sinanci da baƙin fenti, ya fara koɗewa. Wanda ya yi kankarar bai wahalar da kansa a kansu ba. Wa zai karanta?

Ta tuna a rediyo ta ji an ce an fito da ƙamus na Sinanci da ake sa wa a waya, don masu koyon harshen. Ta nufi rumfar mai gyaran waya a bakin titi, wanda shi ma ta taɓa ja masa kunne a aji huɗu.

"Malama, Sinanci kuma? Ko wani ɗan Sin ne ya fito, ba mu da labari?"

"In ya fito kai zan sa ka yi mini tafinta, tunda har yau ba ka iya rubuta sunanka daidai ba. Sa mini."

Yana dariya ya sa mata. Ya nuna mata yadda ake haska rubutu da kyamara, da kuma wani farin fili inda ake zana harafi da yatsa in kyamarar ta kasa. Ƙamus ɗin zai faɗi kalmar da murya, ya kawo ma'anarta da Turanci.

"Turancin dai ba sai na taimake ki ba."

"Allah ya sa ka gane."

* * *

Washegari da sassafe ta ja kujera ta zauna gaban duron. Kyamarar ta ƙi kama komai, fentin ya koɗe da yawa. Sai ta koma zane. Ta zaɓi harafin da ya fi girma, wanda ke dab da inda aka kankare: wani akwati ne a ɗan karkace, da layi ya ratsa tsakiyarsa, ɗigo ɗaya a sama, ɗaya a ƙasa. Sau biyar tana zanawa wayar na kawo mata wasu abubuwa dabam. A na shida ta bi shi a hankali, yadda take koya wa 'yan aji ɗaya riƙe fensir, sai ga irinsa sak ya fito. Ta taɓa shi. Muryar wata mace ta ce, "Mu."

"Mu da wa?" in ji surukar daga bakin murhu.

Malama ta gyara tabarau ta karanta ma'anar. Uwa.

"Kin gani ko, Mama? Uwa! Ƙila sunan kamfanin sukarin ne. Abin da aka rubuta wa uwa ai ba zai cuci yaro ba."

Malama ta ji sanyi ya sauka mata har ƙafa. Ta so ta kashe wayar a nan. Ɗanta ya fita daga zargi, ita ma ta fita, ta yi iyakar ƙoƙarinta. Har ta dafa gwiwa za ta miƙe, sai idonta ya koma kan layin. Shekara talatin da biyu tana duba littattafan yara, ta san harafin da bai kai tsayin 'yan'uwansa ba. Duk sauran tsayinsu ɗaya. Wannan kaɗai ne gajere, a daɓare, kuma daidai kansa ne wuƙar ta wuce.

Rabi ne. An yanke masa kai.

Ta sake bin gidajen. A gida huɗu kankarar ta ci harafin kamar nasu. A gidan Matar Direba rubutun na fuskantar bango.

"Taya ni mu juya shi."

"Malama, cike yake fa."

"Kama can."

Suka juya shi da ƙyar, ruwa na fantsama a zanensu. A nan mai wuƙar ya yi gaggawa. Harafin na nan cikakke: uwar a ƙasa, a kanta layi uku a kwance da ɗaya a tsaye ya soke su. Gefe kuma, inda kankarar ba ta yi zurfi ba, ana iya ganin rabin zanen ƙoƙon kan mutum.

Malama ta zana. Muryar ta ce, "Du."

Ta daɗe tana kallon ma'anar.

"Me ya ce?" in ji Matar Direba.

"Kada ki ƙara ba kowa ruwan nan. Ko alwala kada a yi da shi. Aika a gaya wa sauran, ki ce ni na ce, ba an ce ba."

Ba ta tashi ba sai da ta bi sauran haruffan ɗaya bayan ɗaya, tana rubuta ma'anar kowanne a bayan wata tsohuwar takardar asibiti. Rana ta take tsaka kafin ta gama. Yatsanta ya ƙage, idonta na ruwa, amma jimlolin sun haɗu.

* * *

Mai Sito ya dawo cin abincin rana ya tarar da duron gidansa a kife, tsakar gida jagab. Matarsa ba ta nan. Malama ta tura ta asibiti da Takwara, da takardar a hannu, ta ce ta ba likita hannu da hannu.

"Mama, wa ya zubar da ruwan nan?"

"Zauna."

Ya zauna a bakin tabarma. Ta miƙa masa wayar. Ya duba, ya kawar da kai.

"Da wace wuƙa ka kankare?"

"Mama…"

"Tambayarka nake."

"Wallahi na wanke su. Sau uku-uku, da garin sabulu da ruwan zafi, na shanya a rana. Kowa a sito haka yake yi. Cewa ake a huda su a kai wurin ƙonawa, to duro lafiyayye, ga mutane na wahalar ruwa? Da na san zai yi illa zan sa a gidana? 'Yata ce fa a kwance!"

"Na yarda ba ka sani ba ranar da ka kawo. Da yara suka fara amai fa?"

Ya sake kawar da kai. Malama ta ci gaba.

"Sati biyu kana ji ana kiran baiwar Allah mayya. Kana cikin waɗanda suka ba ta wa'adi?"

"Ni ban ce komai ba a wurin."

"Na sani. Shi ne abin da nake tambaya."

Ya matso, ya kama gefen zanenta kamar yadda yake yi yana ƙarami. "Mama, ki rufa mini asiri. Zan bi gida-gida in karɓe su a hankali, in ce za a canza musu. In maganar nan ta fita aikina ya tafi, kuma layin nan ba zai zaunu mana ba. Ita ai baƙuwa ce, ko ina ta je za ta yi ɗinkinta."

Malama ta dubi hannun da ke riƙe da zanenta. Ita ta koya wa hannun nan rubutu. Ta tuna sanyin da ta ji da safe lokacin da wayar ta ce uwa, da yadda ta kusa miƙewa ta bar maganar a nan.

"Da la'asar za su taru," ta ce. "Ka riga ni magana. In ka yi, zan tsaya kusa da kai, duk abin da za a yi a yi mana tare. In ba ka yi ba, ni zan yi."

Ta zare zanenta a hankali.

* * *

Kafin la'asar ta yi sanyi ƙofar Mai Ɗinki ta cika. Wasu sun ji saƙon Matar Direba, amma an riga an ɗaura niyya, har wani na cewa ai mayya na iya zuba abu a duro. Maza biyu sun fito da keken ɗinkin sun dire shi a kan titi, zanin da ke kansa ya zame. Mai Ɗinki na tsaye a bakin ƙofa, ƙaramin ɗanta a kafaɗa.

Malama ta iso tana mirgino duron gidanta a gaba, fanko, yana ƙara a kan tsakuwa. Aka dare mata. Ta tsayar da shi kusa da keken, ta juya rubutun ya fuskanci jama'a.

Ta nemi ɗanta da ido. Yana can baya, jikin bango, hannuwansa a aljihu. Ta ba shi lokaci. Ta ƙirga numfashinta har goma, yadda take yi wa ɗalibin da ya san amsa. Ya sunkuyar da kai yana kallon takalminsa.

Ta ɗaga wayar sama, ta taɓa harafin. Muryar macen ta fito sarai a cikin shirun.

"Wannan kalmar guba take nufi," in ji Malama. "Layin da ke ƙasa ya ce maganin kashe ƙwari ne a ciki, kada a sake zuba komai a mazubin. Gida bakwai ke da duron nan, gida bakwai ke da marasa lafiya. Matar nan ba ta da shi. Akwai hoton gargaɗi a jiki, an kankare shi da wuƙa kafin a sayar muku. Ɗana ne ya kankare."