Gadon Baba Mai Sauti

"Ɗan ƙara turowa hagu. A'a, ka zarce! Dawo kaɗan."

Kafinta ya sauke ƙafar gadon yana haki. Tun da safe aka kira shi daga shagonsa ya kwance gadon maƙwabcinsa, Baba Mai Sauti, ya ɗaura shi a falo. Tsohon, da ciwo ya rage masa sai ƙashi da fata, yana jingine da bango yana ba da umarni kamar mai gyara wa mota tsayuwa. Wai sai gadon ya zauna daidai tsakiyar sifikokinsa biyu, inda kujerarsa take a da.

Inna, matarsa, ta leƙo daga kicin. "Ka ga mutum ko? Likita ya ce a huta, shi ya ce a kunna."

Duk layin an san tsarin gidan nan. In albashi ya zo, Inna ke riƙewa: cefane, haya, wuta, makarantar yara. Abin da ya yi saura shi ne rabon akwatunan sautin Baba. Haka ya tara su a guntu-guntu, bana wayar haɗi, baɗi amfilifaya mai ƙara sauti, ba tare da tukunya ta taɓa kwana a kife ba. Inna ba ta hana shi ba, amma kuma ba ta taɓa zama ta saurara ba. Daga ƙofar kicin take ji, ta ce hayaniya ce mai tsada.

Abin da ke cin ran tsohon kenan. Ya raɗa wa Kafinta, "Kada in tafi tana ganin iska na saya. Daga ƙofa ba a jin komai, ɗan nan."

Tausayi ya kama Kafinta. Ya ɗaga murya, "Inna, zo ki zauna mini a nan gefen in ga ko gadon na rawa."

"Kai ma ya koya maka wayo?" Ta harare shi, amma ta goge hannu ta zo. Kujera dai mutum ɗaya take ɗauka, gado kuwa ya ishi biyu. Baba ya miƙa yatsa ya danna maɓalli, kiɗa ya tashi.

Ta zauna ƙiƙam, hannu a cinya. Can sai ta waiwaya dama, ta waiwaya hagu, ta ƙura wa tsakiyar bango ido.

"Malam, ai mawaƙin ga shi nan a tsaye!"

"To fa."

"Shi ne duk shekarun nan ka yi shiru?"

"Na faɗa, kika ce miya na ƙonewa."

Ta yi dariya har da hawaye. Ranar dai miya ta ƙone da gaske, ba wanda ya damu.

Baba bai cika mako ba ya rasu, da rana tsaka, cikin barci. Da aka watse daga gaisuwa, Kafinta ya ɗauko sifana ya shiga don mayar da gadon ɗaki. Ya tarar da Inna zaune a kai, kiɗa na tashi a hankali. Ya yi sallama ya tsaya a gabanta.

"Ajiye ƙarfen nan," ta ce. "Kuma ɗan matsa, ka tare mai sarewa."

Kafinta ya matsa gefe, ya bar wa mai sarewa filinsa.